Zuwa ga ƙanena mai shakkar tafiya kallon ƙarfe yana hucewa

Salamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma yi dariya. Ka ce malamin da zai duba aikinka a nan Jamus ya ba ka batu kan yadda saurin hucewa ke sauya cikin haɗin maganiziyam da alminiyam, kana tambaya ko wannan ya kai mutum ya baro Zariya dominsa, ko kuwa kallon tukunya ne kawai da sunan digiri na biyu.

Kallon tukunyar ne, amma tsaya ka ji. Ka taɓa shiga Panteka a Kaduna wajen masu zuba tukwanen dalma? Suna narka tarkacen alminiyam su zuba a mazubin yashi. Gefen tukunya siriri yakan daskare nan da nan, gindi mai kauri ya daɗe, kuma in ka yanka su ka duba a madubin ƙara girma, sai ka rantse ba narki ɗaya ba ne. Aikinka ke nan, sai dai da ma'auni.

Haɗin da za ka fi riƙewa shi ne AZ91, wato maganiziyam mai alminiyam kashi 9 cikin ɗari da ɗan zinki. Yakan fara daskarewa wajen digiri 600 na ma'aunin Celsius. Abin da ke fara fitowa maganiziyam ne, yana tsirowa kamar reshen bishiya yana ture alminiyam zuwa ruwan da ya rage tsakanin rassan. Ruwan nan sai ƙara cika yake da alminiyam har zafi ya sauko kusa da 437, inda ragowar ke daskarewa ta bar wani abu mai tauri da saurin karyewa, Mg17Al12, wanda muke kira bita. A takarda, maganiziyam na iya shanye alminiyam har kusan kashi 12.7, don haka bai kamata bita ya fito wajen daskarewar AZ91 ba sam. Amma yana fitowa, saboda babu zubin da ke hucewa a hankalin da littafi ke zato. Ranar da na gane wannan ce ranar da batun ya daina ba ni barci.

In an zuba a yashi, rassan sukan samu lokaci su yi kauri, ƙwayoyin ƙarfen da rassan ke haɗuwa su zama su yi manya, bita ya kwanta a kan iyakokinsu gaɓa-gaɓa, tsagewa ta samu hanyar bi. In kuwa an harba narkin cikin mazubin ƙarfe da matsi, kamar yadda masana'antar mota ke yi, zafi na iya faɗuwa da ɗaruruwan digiri cikin daƙiƙa ɗaya, ƙwayoyin su fito ƙanana, bita ya watsu siri-siri, ƙarfen ya fi ƙarfi. Kada ka ɗauka sauri kullum alheri ne. Irin wannan zubin yakan kulle iska a ciki, kuma fatar waje ta fi tsakiya kyau nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake gaya wa sababbi kada su yarda da hoton madubin ƙara girma da ba a faɗi daga ina aka yanko samfurinsa ba.

Me ya sa Jamusawa suka damu? Nauyi. Curin maganiziyam mai santimita ɗaya ta kowane gefe giram 1.74 ne a inda na alminiyam ke 2.7, kuma tun zamanin Bosuwaja mai kama da kunkuru suke zuba gidan inji da maganiziyam. A Geesthacht, kusa da Hamburg, akwai cibiyar Hereon da ta daɗe tana bincike a kansa.

Abin da takardar gayyata ba ta gaya maka ba shi ne aikin hannu. Za ka yi makonni kana goge ɗan guntun ƙarfe kamar ƙwayar goro har ya zama madubi, sannan ka zauna kana auna tazarar rassa ɗaya bayan ɗaya. A watana na farko na wanke samfurina da ruwa bayan gugar ƙarshe, da safe na tarar fuskarsa ta dusashe, aikin mako guda ya tafi. Da sifirit ake wankewa. Narkakken maganiziyam kuma yana kamawa da wuta, ruwa ƙara masa yake yi, don haka ba za a bar ka kusa da tanda ba sai ka ci gwajin kariya, kuma ma'aikacin tandar da Jamusanci zai yi maka tsawa.

Ni dai shawarata ka zo. Kafin bizarka ta fito, ka zana taswirar yanayin maganiziyam da alminiyam, wadda ke nuna abin da haɗinsu ke zama a kowane zafi, da hannunka har ka iya ta da ka, ka fara Jamusanci ko na gaisuwa da lambobi ne. In ka samu hali ka leƙa Panteka, ka tambayi maƙera dalilin da wata tukunyar ke tsagewa a kunne, ka aiko min da abin da suka ce.

Ka gaida Inna.