Amsa kan lissafin juyin hannayen agogo

Ƙanena, ka ce darasin fizis a jami'ar Usmanu Danfodiyo ya kawo ku kan angula momentom (L), wato ma'aunin ƙarfin juyin abu, na hannayen agogo, amma amsarka ba ta zo daidai ba. Ina zargin ka ɗora duk nauyin hannun a bakinsa ne. Hannun agogo sanda ce da aka kafe gindinta a tsakiya, nauyinta ya bazu a duk tsawonta, don haka I, wato ma'aunin wuyar juya hannun, shi ne ⅓ × nauyi × tsawo², sannan L = I × ω, inda ω yake nufin saurin juyawa.

Ɗauki agogon bango irin na masallatan nan Sakkwato. A ce dogon hannu santimita 15 ne, giram 10. Mayar da su mita 0.15 da kilo 0.01 tukuna, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. I ya zama 0.000075. Dogon hannun yana zagayawa sau ɗaya cikin daƙiƙa 3600, ω = 2π/3600, kusan 0.001745. Ka ninka I da ω, L kusan 1.3 × 10⁻⁷ kg·m²/s.

Gajeren hannu kuwa daƙiƙa 43,200 yake ci, don haka L nasa kaɗan ne ƙwarai. Tunda gefe ɗaya suke juyawa, tara L na hannayen biyu kawai za ka yi, alkiblar L ɗin kuma tana shiga cikin bango.