Me Janet Rowley ta tsinana a binciken kansar jini?

Ɗan'uwa, kana tambaya wai me ta yi da ake ta zuzuta ta haka. Ai wallahi matar nan ta Jami'ar Chicago a Amurka ta cancanta. A teburin cin abincin gidanta take baza hotunan kromosom, wato 'yan zare-zaren da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki masu ɗauke da bayanan gado, tana yankawa da almakashi tana jerawa, a 1973 ta gano cewa a wani nau'in kansar jini da ake kira CML kromosom na 9 da na 22 ne suke musayar gutsure, lokacin likitoci da yawa gani suke kansar ce ke lalata kromosom, ita ta ce a'a lalacewar ce ke haddasa cutar. Kan wannan turbar aka samo maganin Gleevec a 2001, ƙwaya kawai ake haɗiya. Obama ma ya karrama ta a 2009.