Amsar murya a guruf ɗin malaman Fizis: gwajin bulon gilashi

Assalamu alaikum. Malama, na saurari muryarki, kin ce yara sun yi gwajin bulon gilashi, na auna yadda gilashi ke karya haske, sun samu 0.9 maimakon 1.5. To gilashin ba shi da laifi, awon kusurwar ne. Sun auna daga gefen gilashin, alhali daga layin tsaye ake aunawa, wanda ya sari gefen a digiri 90.

Kin ga, haske a iska yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, da ya shiga gilashi sai ya sauko wajen 200,000. Wannan ragin gudun ne yake karya shi ya karkato wajen layin tsayen. Ki raba 300,000 da 200,000, 1.5 ke nan, lambar da ke nuna yadda gilashi ke karya haske. Na ruwa 1.33 ne, shi ya sa bokiti mai zurfin santimita 40 idan kin leƙa ta sama sai ki ga kamar 30. Masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta dokar karyewar hasken nan a Bagadaza tun wajen shekarar 984, kafin Snell, wanda ake kiran dokar da sunansa, a 1621, yana da kyau yaranmu su san haka.

Yawwa, ga yadda za su sake. A kafe takarda a kan allo, a zagaye bulon da fensir mai tsini. A ja layin tsayen, a fitar da digiri 30. A soke fil biyu a kan layin digiri 30 ɗin, tsakaninsu kada ya gaza santimita 5, don in sun matsu layin ba zai fita daidai ba. Sai a leƙa ta ɗaya ɓangaren da ido ɗaya, a kafa wasu biyun har huɗun su zama kamar guda. Gindin fil ake kallo, Malama, gindin, domin kan yana iya karkacewa. In bulon ya goce ko kaɗan, a sake daga farko.

Sai a ɗauke bulon, a zana hanyar da hasken ya bi a cikinsa, a auna kusurwarta daga layin tsaye: a digiri 30 su samu wajen 19.5 a ciki, a 60 kuma wajen 35. A nemo sayin (sin, na lissafin kusurwa) na kusurwar waje a raba da na kusurwar ciki, sai a samu wajen 1.5.

Kuma ki ba su misalin kawalwalniyar da suke gani a titin Zariya da zafin Afrilu: iskar da ke kan kwalta ta fi ta sama zafi, sai hasken sama ya lanƙwaso ya shigo ido kamar ruwa ne kwance. Ki turo mana teburin sakamakon nasu mu duba.