Layi ya fito a 57, amma PDI ne kuwa?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a bayokemistiri. Na sayi antibodi (furotin mai cafke wani furotin takamaimai) na gano inzayim ɗin PDI, na yi westan bulot (gwajin da ake raba furotin a kan jel bisa nauyinsu, sannan antibodi ya nuna wanda ake nema a matsayin layi) da hantar ɓera, layi ya fito a wajen nauyin kilodalton 57, wato wajen nauyin PDI. Zan iya rubuta cewa na gano PDI?

Amsa: Dakata tukuna, kar ka yi saurin ɗaukar alƙalami.

PDI aikinsa ɗaure da kwance. Yana ƙulla haɗin salfa tsakanin sistin biyu (sistin ɗaya ne daga tubalan da ake gina furotin da su) a jikin sabon furotin, in ƙullin ya karkace ya kwance ya sake, har furotin ya naɗe yadda ya kamata. A 1963 aka gano shi, a ɗakin gwajin Christian Anfinsen a Amurka. Mazauninsa endofulasmik retikulum, sashen ƙwayar halitta da ake naɗe sababbin furotin a ciki, kuma alamar KDEL, jerin tubala huɗu da ke wutsiyarsa, ce ke tsare shi a can. Hanta cike take da shi, don haka zaɓinka ya yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne dangi. PDI yana da 'yan'uwa kusan 20 a jikin ɗan Adam, kuma ɗayansu, ERp57, nauyinsu kusan ɗaya, ga alamar CGHC, jerin tubalan da ke aikin ɗaure da kwance, guda biyu irin tasa. A kan jel, kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. In antibodin naka irin na zomo ne da aka haɗa da dukan furotin ɗin, yana iya cafke ɗan'uwan. Ɗauko takardar da ta zo da kwalbar, ka duba da wane yanki aka haɗa shi, ko kuma an gwada shi a ɓera. Ɗalibai da yawa tare da kwalin suke jefar da ita.

Gwajin da na fi yarda da shi: ka samu ƙwayoyin HepG2, na hantar mutum da ake rainonsu a ɗakin gwaji, ka danne ƙwayar gadon P4HB, wadda ke haifar da PDI, da siRNA (guntun RNA mai hana ƙwayar gado aiki), in dai antibodin yana kama na mutum. Layin ya dushe, to naka ne. Ya tsaya ƙiƙam, wani kake kallo. In aljihu bai kai ba, ari antibodi na biyu mai kama wani yanki daban, ka ga ko bakinsu zai zo ɗaya.

Kuma ka raba antibodin ƙananan kwalabe tun ranar da ya iso. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, daskarewa da narkewa a kai a kai sai su raunana shi, ka zauna kana zargin jel.