Kwandalar George Washington ta 1982: in saya ko in bari?

Tambaya: Ƙanena da ke zaune a Amurka ya turo mini hoton wata kwandalar rabin dala ta 1982, mai hoton George Washington bisa doki. Mai ita ya ce gwamnati ce ta buga ta, kuma yanzu samun irinta sai an tona. In saya in ajiye? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, maganarsa ta farko gaskiya ce, ta biyun kuwa cikar baki ce ta ɗan kasuwa. A Amurka, ma'aikatar buga kuɗi ba ta da ikon fitar da kwandalar tunawa da kowa sai majalisar dokoki ta yi doka shugaban ƙasa ya sa hannu. Dokar ce ke faɗin ƙarfen da za a yi amfani da shi, da iyakar adadin da za a buga. Ta wannan kwandala, shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu a Disambar 1981, domin cikar shekara 250 da haihuwar Washington, shugabansu na farko, wanda aka haifa a 1732.

Kafin nan an shafe kusan shekara 28 ba a buga irin waɗannan kuɗi ba, tun 1954. Dalili kuwa, a shekarun 1930 an mai da abin hanyar cin kasuwa: ƙungiyoyi su nemi doka, a buga musu kaɗan-kaɗan, su tsawwala farashi, har mahukunta suka gaji suka rufe ƙofa. Da aka zo buɗewa da sunan Washington, sai majalisa ta yarda a buga har miliyan 10 don kowa ya samu. An sayar da sama da miliyan 7, wasu bugun Denver, wasu na San Francisco. To ka ji, abin da ke hannun mutum miliyoyi ba a kiransa mai wuyar samu.

Darajarta tana cikin azurfarta. Nauyinta giram 12.5 ne, kashi 90 cikin 100 azurfa, sauran tagulla, wato azurfa zalla ta ɗan haura giram 11. Ka duba farashin azurfa na ranar, ka lissafa, ka ɗora ɗan wani abu idan tana cikin akwatinta na asali. Ya wuce haka, ka bar masa kayarsa. Ka ce wa ƙanen naka ya ɗora ta a sikelin maƙeran zinariya, ya juya bayanta ya ga gidan Washington na Mount Vernon, ya kuma kanga mata maganaɗisu. Ta gaske ba ta mannewa. Ni dai ina son kwandalar nan, zanen Elizabeth Jones ne kuma ya yi kyau ƙwarai, amma don sha'awa zan saye ta, ba don jiran riba ba.

Tambaya: Na ga wata mai ruwan zinariya da hoton Washington ana tallarta a Facebook. Ita ma ta gwamnati ce? (Wata baiwar Allah daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ki duba ko an rubuta mata ƙimar kuɗi. Ta zinariyar da majalisa ta amince da ita dala 5 ce, an buga ta a 1999, cikar shekara 200 da rasuwarsa. Idan babu ƙima a jikinta, ba kuɗi ba ce, galibi lambar ado ce ta wani kamfani, ruwan zinariyar kuma bai kai kaurin fatar albasa ba. Kada ki biya mata kuɗin zinariya.