Amsa daga Sudan: abin da ke goshin kalma

Malam, ka tambaye ni ko yaranmu na nan Sudan har yanzu suna kiran kansu Bahaushe da Bahaushiya, ko kuwa Larabci ya cinye. Gaskiya ita ce suna da baki biyu. A kasuwa da makaranta yaro zai ce shi Hausawi ne, domin Larabci a ƙeyar kalma yake liƙa alamar asali. Idan ya shigo gida, alamar sai ta dawo goshi, ya zama Bahaushe. Mutanen ƙasa kuma da yawa Fallata suke ce mana, su haɗa mu da Fulani da Barebari a suna ɗaya.

Wannan ba- ɗin, da malaman nahawu ke kira ɗafa-goshi, ba ƙaramin aiki yake mana ba. Tsoho a nan bai taɓa taka Kano ba, amma zai ce maka kakansa Bakano ne, wani ya ce Bakatsine, wani Bagobiri. Da wannan gaɓa ɗaya zuriya take riƙe garin da ta baro. Ko sunan garin Mai Wurno, da ke bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, haka yake: laƙabin Muhammadu Bello ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya yo gabas da jama'a bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Maƙwabtanmu na da nasu "wad", wato ɗa, kamar a Wad Madani, kuma aikinsa ɗaya da "ɗan" namu.

Inda muka fi ku gani, a nawa ra'ayin, shi ne wajen al-. Ku a gida kuna cewa alƙali, alƙalami, allo, ba ku jin komai a gabansu. Mu da muke kwana da tashi cikin Larabci muna jin al- ɗin a sarari, domin a Larabci alama ce ta abin da aka riga aka sani, ana sa ta ana cire ta. Hausa ta ɗauko kalmar da ita, ta manne ta ta zama jiki ɗaya, shi ya sa ake cewa "wani alƙali" ba wanda ya ga laifi. A lafiya da labari da liman ma wasalin farko ya faɗi, l kaɗai ta rage. Yaranmu kuwa sukan ɓalle ta su ce galam, irin furucin nan. Ina gyara musu, ba don kuskure ne a Larabci ba, sai don alƙalami ya daɗe da zama namu.

Amma ma- ce na fi so. Daga buɗe aka sami mabuɗi, daga karanta makaranta, daga noma manomi: kayan aiki, wurin aiki, mai aiki. Larabci ma haka yake yi, miftah (mabuɗi) da madrasa (makaranta) da maktab (ofis), kuma masana harshe na ganin gado ne guda, tunda harsunan biyu dangi ne na nesa. Saboda haka yaro a nan ba ya shan wahalar gane ta, sai dai ya yi kasala ya ɗauko ta Larabcin da ke kusa da bakinsa.

Da wannan nake auna Hausar yaro. Haddace kalmomi ba ya gamsar da ni. Kwanaki jikata ta nemi abin goge allo, sunan ya ɓace mata, ta ɗan yi shiru, sai ta ce, "Kaka, ina magogi?" Ba wanda ya taɓa koya mata kalmar. Da kanta ta ɗora ma- a kan goge, kuma ta dace.