Sayen hatsi a kaka ya fi awon kullum, amma da sharaɗi

Malam, ka ce albashi ba ya kai ka tsakiyar wata, kana tambaya ko ka ci bashi ka sayi hatsin shekara a kaka. Ka saya, amma da kuɗin adashi ko na tumakin da ka sayar, kada ka taɓa bashin ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya shiga cikin kowace tiya, mai awon kullum kuma shi ke biyan ribar ɗan sari da ta mai shago. Buhun gero kusan tiya 40 ne. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana, buhu uku za su kai shi wata huɗu. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, mutum ɗaya ya je kasuwar Mai'adua ko Charanchi ya sayo, ku raba kuɗin dako.

Sharaɗin shi ne ajiya. Ka ciji ƙwayar masara, in ba ta yi ƙaras ba da sauran danshi, za ta yi fumfuna. Wake kuwa sai buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure tam, in ba haka ba ƙwari su mayar da shi gari. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango. Kuma ka tsaya iya cin gidanka, don waɗanda suka ɓoye hatsi da bashi suna jiran tsada sun ji jiki da farashi ya faɗi a 2025.